Doña Hermila da Gonar da Ta Yi Tsami

"Compadre, tsakaninka da Allah, daga ina ka ɗebo ƙasar da ka kawo mini gwaji bara?"

"Daga gonata mana, comadre," in ji mahaifina, Don Celerino, yana juya hularsa a hannu. Compadre da comadre, haka aminai ke kiran juna a wurinmu.

"Gonarka ta ina? Bayan madafa, inda kuke zubar da ɓawon kofi? Ai ko tsintsiya ka dasa a wurin sai ta yi 'ya'ya!"

Kunya ce ta hana shi kai ƙasar gonar kofinsa ta gangare, kada a ce gonar da ya gada ta gaji. Sakamako ya fito ƙasa lafiya lau, shi kuwa ya ci gaba da zuba takin zamani, ganye yana ƙara yin rawaya, 'ya'yan suna zubewa tun ba su nuna ba. Girbi biyu ke nan a jere. Har ya yi magana da masu rake su zo su tumɓuke kofin, su dasa rake.

Mai wannan tambaya ita ce Doña Hermila Tezoco, ma'aikaciyar gwajin ƙasa ta ƙungiyar manomanmu a tsaunukan Huatusco. Shekara talatin da ɗaya, kullum da sassafe takan sha baƙin kofinta, ta naɗe wainar masara da wake a tsumma, ta ɗauki bokiti da ƙarfen haƙa, ta hau gangare cikin hazo. Wuri goma sha biyar take haƙawa a gona guda, ta cakuɗa, ta murza, ta shinshina. Ranar Juma'a za ta ajiye aiki, gwiwoyinta sun ƙi. Har yau ba a samu wanda zai gaje ta ba, abin da ke cin raina ke nan.

Ku tambayi Doña Crispina, wadda mijinta ya rasu ya bar mata kadada guda. Ita za ta gaya muku wa ya hana ta sare itatuwan inuwa, ya nuna mata cewa ganyensu da ke ruɓewa abincin kofi ne. Ku tambayi mutanen ƙetaren rafi wa ya koya musu kada su zuba ɗanyen ɓawo a gindin shuka, su bari tsutsar ƙasa ta cinye shi tukuna.

Doña, ke ce likitar ƙasarmu! Ke ce kike kallon ganye ɗaya ki faɗi abin da saiwa ta rasa. Ba a taɓa buga sunanki a buhu ba, alhali kowane buhu da ya sauka daga tsaunin nan da hannunki a ciki.

Ranar Talata ta ce sai ta hau gonarmu da kanta. Sau huɗu tana tsayawa, tana dafa ƙarfenta, ni kuwa ina biye da ita kada ta zame. Ta jiƙa ƙasar, ta tsoma 'yar takardar gwaji, takarda ta yi ja.

"Ka gani? Ƙasarka ta yi tsami. Takin da kake ta zubawa ne ya ƙara mata. Abinci na nan, saiwa ce ba ta iya sha. Garin farar ƙasa take so kafin ruwa ya sauka, sai ruɓaɓɓen ɓawo."

"In kuma ba ta farfaɗo ba fa?"

"Ba zan yi maka rantsuwa ba. Bana ma ba za ka ga komai ba, sai baɗi. Kai dai taurin kai kamar alfadarinka."

"Alfadarina ya fi wasu saurin hawa tsauni."

Ta yi dariya har da tari. Shi bai yi ba. Ya tsaya yana kallon layukan da kakana ya dasa.

Mun gode, Doña Hermila. Allah ya huta gajiya, ya sassauta miki ciwon gwiwa. Matasan garinmu kuwa, don Allah wani ya je ya karɓi bokitin nan tun tana da ƙarfin koyarwa. Manoma, ku kai ƙasar da ke ciwo, ba wadda za a yaba muku ba.

Jiya masu raken suka iso da motarsu. Mahaifina ya fita ya tare su a bakin hanya, maƙwabta duk sun ji:

"Ku juya, jama'a. Ba zan tumɓuke ko ɗaya ba. Shekara biyu zan ba gonar nan."