Kyamarar Da Ba Ta Nuna Shanu

Shekara biyar ke nan da rasuwar aminina Malam Sani mai hoto na Sheme, Allah ya jiƙansa. Ni ban iya hoto ba. Boko ma a aji biyu na tsaya, shi ma malamin ajin ne ya roƙi babana ya zo ya ɗauki kayansa. Aikina wurin Malam Sani riƙon jaka da cin tuwon suna, kuma a na biyun ban taɓa ba shi kunya ba.

Da tsohuwar kyamararsa ta gaji, wani ɗan kasuwa ya ba shi aron guda biyu ya gwada ya zaɓa. Duka matsakaita ne, irin waɗanda ake canza wa gilashin gaba, farashinsu kusan ɗaya. Ta farko nauyi gare ta, batirinta na wuni, ga dogon gilashi mai jawo nesa. Daga bakin titi sai ka ga giɓin mai noma. Ta biyun ƙarama ce, batirinta rago irina, gilashinta gajere: fuska ta fito tar, abin da ke baya kuwa ya narke. Ni babbar na zaɓa, don in na rataya ta ɗan jarida ake ce mini.

Muka je suna wani ƙauye bayan Mabai. Kun san mutanenmu, maigida ba ya yarda a ɗauke shi sai an jero shanu bayansa, ga rumbu, ga sabon babur. Malam Sani ya ɗauka da duka biyun.

Muna dawowa bayan la'asar 'yan sintiri suka tare mu. A makon an kore shanu a yankin, ana neman mai kai wa mutanen daji labari. Wanda aka samu da hoton garken wani kuwa, ba a cika kai shi gaban hukuma ba.

Babbansu ya karɓi ƙaramar yana latsawa. Fuskoki kawai, bayansu hazo-hazo. Sai ya nuna wuyana da bakin bindiga.

"Baba, ita wannan mi ke ciki?"

"Ni ɗan rakiya ne, ɗana. Ko kunna ta ban iya ba."

"Amma ka iya ratayawa."

Na san abin da ke cikinta: shanu har da tabon gindinsu, da ƙofar garke, da hanyar shiga. Na fara kalmar shahada a zuci. Malam Sani ya ce, "Ba shi mana, Tanko."

Mutumin ya kunna, ya latsa, ya sake latsawa. Ba komai. Ashe tun a ƙauyen, ina can kan kwano, Malam ya duba hotunan ya goge su tas.

Washegari ya mayar da babbar. Na ce ai ta fi ƙarko. Ya ce, "Ta fi, Tanko. Amma tana faɗin abin da ba a tambaye ta ba."

Ciwo ne ya ɗauke shi, a kan shimfiɗarsa. Da yana nan yau da ya ga kowa da waya, ana ɗaukar gona da garke ana watsawa duniya. Na san baki zai riƙe, sannan ya ce da ina da garke, ni ne zan fara watsawa.

Wancan ƙauyen da muka je suna ya tashi, mutanensa na zaman haya a Ƙanƙara. Kwanan baya matar maigidan da aka yi sunan a gidansa, Allah ya jiƙan mijin nata, ta tare ni da hotonsa a leda. Ta ce, "Malam, an ce yanzu akwai injin da ke gyara hoto. Ko za a fito mini da gidan da ke bayansa? Jikokina ba su san shi ba."

Na duba. Ga mutumin yana dariya kamar zai yi magana. Bayansa kuwa, abokina ya ɓoye gidan har mu ma ba mu iya gano shi.