Ragar da Orval Ya Ƙera wa Motar 'Yarsa

Orval Pankratz mai walda ne a wani ƙaramin gari na yammacin jihar Kansas a Amurka. Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana liƙa garmar manoma da ƙofar garken shanu, bai taɓa jin marmarin ganin guguwa ido da ido ba. Ra'ayinsa a kanta gajere ne: in jiniya ta yi kuka ka sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ka ja ƙofa, ka ci biskit har ta wuce. Haka ubansa ya yi, kuma a kan gadonsa ya mutu yana da shekara tamanin da tara.

Sai Allah ya ba shi 'ya tilo, Renae, wadda daga Afrilu zuwa Yuni ba ta da sana'a sai bin hadari da mota tana ɗaukar hoto. Inda kowa ke gudowa, can take nufa. Motar ta sha ƙanƙara har jikinta ya koma kamar gindin tsohuwar tukunya, kuma in ka ce ta kai a buga mata sai ta dube ka kamar ka zage ta. A wurin masu bin guguwa, lotsewar mota ado ce.

Gilashin gaba kuwa ba ya ɗaukar ado. Wata ranar Mayu ƙanƙara kamar lemo ta faso shi, Renae ta dawo gida da ɗinki bakwai a saman gira. Likita ya ce da ɓarin gilashin ya sauko faɗin yatsa ɗaya, da idon ya tafi.

"To, an gama ko?" in ji Orval.

"An gama me, Baba?"

"Wannan haukan."

"Jibi akwai hadari a Nebraska."

Orval ya juya ya fita. Ya shige shago ya yi kwana tara, ya fito da raga ta ƙarfe wadda ke kwance a rufin mota, in an ja wani hannun ƙarfe daga ciki ta sauko ta rufe gilashin. Ya bar taƙi guda tsakaninta da gilashin, don ko ta lotsa kada ta taɓa shi. Idon ragar ya isa a ga hanya, amma ƙwan kaza ba zai wuce ba.

Orval ba ya yarda da abin da bai gwada ba. Ya kwashe naman barewar da ke firizarsa ya raba wa maƙwabta, ya cika balan-balan da ruwa ya jera a ciki. Da suka daskare ya zuba a bokiti, ya hau can ƙolin rumbun alkama yana jefo su kan motar ɗaya bayan ɗaya. Maƙwabcinsa Hoyt ya ɗauko kujera da kofin kofi ya zauna kallo.

"Orval! Duk jihar nan kai kaɗai ke haɗa ƙanƙara da hannu. Ta sama ba ta ishe mu ba?"

"Matsa da kujerarka, babbar na tafe."

Damina biyu gilashin bai ko tsage ba. Orval ya fara tafiya da ɗan ƙwambo, har ran wata Lahadi da suna cin gasasshiyar kaza da dankali, Renae ta ce, "Ka san, Baba, da can da na ga ƙanƙara ta kai ƙwai sai in juya in gudu. Yanzu kuwa ta tsakiyarta nake ratsawa, in ɓullo a gaban guguwar kanta. Ragar nan ta canza mini aiki wallahi."

Orval ya ajiye cokali. Shi da ya yi ragar don ya tsare mata ido, ashe ƙofa ya buɗe mata zuwa inda ba ta taɓa kaiwa ba. Kazar nan ba ta ƙara shigar masa ba.

Mako guda yana saƙa da warwara. Wata safiya, tana wanka, ya kwance ragar ya tura ta bayan tarin tsofaffin ƙarafa. Lissafinsa shi ne, in babu raga za ta zauna gida, kafin ya "gyara" kuma lokacin hadari ya ja baya.

"Walda ce ta tsage," ya ce, yana kallon takalminsa. "Sai nan da sati uku."

Renae ta dubi wayarta, ta dubi sama. "To shi ke nan, Baba. Sai na dawo." Ta ɗauki makulli ta tafi, gilashi tsirara.

Ya tsaya a ƙofar shago har ƙurarta ta kwanta. Sannan ya cicciɓo ragar shi kaɗai, ƙugunsa na ƙara, ya jefa a bayan akori-kura, ya kira ta a waya.

"Ke, ki tsaya a gidan mai na farko da kika gani."

Mil sittin ya yi yana nufar baƙin hadari, yana wuce motocin masu hankali da ke gudowa. Ya tarar da ita jingine da mota tana cin tuffa, sama ta rine ta yi kore-kore. Noti takwas ne ke riƙe ragar, ya hau ɗaure su nan take.

"Ikon Allah, Baba, waldar ta warke da kanta?"

"Miƙo sifana."

Yana ɗaure na ƙarshe ƙanƙara ta fara buga kwanon rumfar gidan man. Renae ta ce guguwar ta nan za ta biyo, mafita ɗaya ce, hanyar kudu, ita ma sai an ratsa ƙanƙarar. Akori-kurarsa ba za ta kai ba. Haka Orval ya shiga motar Renae, ya ja hannun da ya ƙera, ragar ta sauko.

Ƙarar ba irin ta rumbun alkama ba ce. Kamar mutum ɗari ne ke dukan motar da guduma. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, ya rirriƙe kujera, ya juya don ya ga ko ita ma ta firgita. Sai ya ga hannunta a kan sitiyari ko motsi ba ya yi, idonta a kan hanya, tana 'yar waƙa a hanci. Haka shi ma yake in ya sunkuya a kan walda. Nan ya san ba za ta taɓa bari ba, ko da raga ko babu, abin kuma ya yi masa ciwo ƙwarai.

Da suka fito rana, ta tsaya a gefen wata gonar alkama da ƙanƙara ta kwantar. Orval ya saki kujerar. Can ya miƙa hannu ta gabanta, ya ƙwanƙwasa gilashin da ke daidai kunnenta.

"Wannan na gefen ba shi da komai," ya ce. "Ki kawo motar ran Litinin."