Amsar Sallama Daga Rumbun Koko

Ni ba malami ba ne. Ajina huɗu a firamare, na biyar ɗin ta taga na leƙa shi. Amma akwai hukunci guda da na riƙe gam: yin sallama sunna ne, amsa ta kuwa wajibi. Da wannan ɗan ilimin na ci abinci a teku, kuma shi ne ya hana ni sakat har tsufa ya same ni a Tompkinsville, wata unguwa a New York.

Ina saurayi na bi motar 'yan goro daga Kano zuwa Kumasi, daga can na gangara Tema, tashar jiragen ruwa ta Ghana, na samu aiki a jirgin dakon kaya. Koko muke ɗauka, irin wanda Turawa ke yin cakulan da shi. Ana loda buhuna a rumbun jirgi, wani rami ne da zai haɗiye masallacin unguwa har da hasumiyarsa. In an cika shi sai a zuba ƙwayoyin maganin ƙwari, a rufe murfin ƙarfe, a liƙe, ba a buɗewa sai an isa. Maganin nan kuwa ba ya tambayar ko kai kyankyaso ne ko ɗan Adam.

Damuwarmu ita ce baƙin rumbu. Haka muke kiran samarin da ke saɗaɗawa su shige tsakanin buhuna da ɗan garin rogo da gorar ruwa, suna son Amurka ba da kuɗin mota ba. Kafin a zuba magani akan yi shela da Turanci da yaren Twi, a yi ta dukan ƙarfe da guduma. Ba sa fitowa. Waɗanda suka shigar da su sun riga sun yi musu huɗuba cewa zancen guba barazana ce kawai, kowa ya yi lamo. Kuma tsakani da Allah wasu jiragen sukan yi ƙaryar.

To a nan ne ilimina ya yi rana. Sai in bari hayaniya ta lafa, in durƙusa a bakin rumbu, in yi sallama a hankali kamar na zo zauren maƙwabci aron tabarma. Mutumin namu zai daure wa yunwa, ya daure wa zafi, ya daure wa zagi, amma bakinsa kan riga hankalinsa amsa sallama. Sai ka ji daga ƙarƙashin buhu an ce wa'alaikumus salam, sannan ka ji an ja dogon tsaki. Shi ke nan, a sauka a fito da shi yana hararata. Bosin ɗinmu, wato shugaban leburorin jirgi, wani Bagirke ne mai ƙaton ciki, ya ɗauka asiri nake yi, har yakan ƙara mini gwangwanin madara. Ban taɓa gyara masa fahimta ba.

A tafiyata ta ƙarshe na bi rumbunan nan ɗaya bayan ɗaya. A na can baya na yi sallama, shiru. Na maimaita, na ƙara da rantsuwa, na ce ɗan'uwa in kana ciki ka fito, wallahi gubar gaske ce. Shiru. Aka sauka da tocila aka duba, ba a ga kowa ba. Aka zuba magani aka rufe, muka ɗaga.

Mun yi nisa a teku, ƙasa ta daɗe da ɓacewa. Wata rana da hantsi ina kankare tsatsa kusa da bututun iska na rumbun nan, wanda aka ɗaure bakinsa da tamfol. Kukun jirgi ya zo wucewa da bokitin ɓawon dankali. Ɗan Zangon Kumasi ne, mu biyu ne kaɗai masu salla a jirgin. Na yi masa sallama. Kafin ya buɗe baki aka amsa daga cikin bututun. Cikakkiyar amsa, har wa barakatuhu. Muryar namiji ce, a natse, ba ta mai neman ceto ba, kamar ta wanda ya idar da nafila ya juyo. Sai aka ƙwanƙwasa ƙarfen sau biyu.

Kuku ya ajiye bokitin a hankali. Ya tambaye ni ko ni ne na amsa wa kaina. Na ce ban kai can a iya shege ba.

Muka je wa kyaftin. Ba zan yi masa ƙazafi ba, ya saurare mu. Ya sa mataimakinsa ya ɗaura abin rufe fuska, ya buɗe 'yar ƙofar gefe, ya haska, ya yi kira. Buhuna kawai. Kyaftin ya ce babu mai numfashin da zai kwana a ciki ya tashi, kuma in ya buɗe babban murfi a tsakiyar teku mu ne za mu sha gubar. Ƙwanƙwasa kuwa, in ji shi, ƙarfe ne ke magana in ya baro zafi ya shiga sanyi. Magana ce ta masu ilimi, na karɓa da ladabi.

Sai dai ƙarfen nan yana da tarbiyya. Sau biyar yake magana a yini. Kuku ne ya fara lura, ya ce mini in dubi lokutan. Lokutan salla ne, ba ya saɓawa. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, kullum muna yin yamma ana mayar da agogon jirgi baya, shi kuwa na cikin rumbu yana nan a kan lokacin Tema. Muna shirin azahar, shi yana la'asar. Da muka kusa Amurka, magaribarsa da rana tsaka take zuwa, muna tsaye da inuwarmu a ƙarƙashin ƙafa.

Kullum nakan sa baki a jikin tamfol in yi sallama, in ce ya daure mun kusa. Ban sake jin muryar ba. Ƙwanƙwasa biyu kawai.

Muka iso New York cikin hunturu, ƙanƙara ta rufe bakin tashar. Aka buɗe rumbun ya sha iska, masu sauke kaya suka shiga. Na tsaya a kansu har buhun ƙarshe. A wani lungu aka tarar an jera buhuna an bar fili daidai shimfiɗar dadduma. Ga butar roba da sauran ruwa a ciki. Ga silifas a ajiye gefe da gefe, yadda ake ajiye su a ƙofar masallaci. Babu mutum, babu gawa, babu ko wari.

Kuku ya ce wataƙila ya samu wata kafar iska ya rayu, da aka buɗe ya saje da masu sauke kaya ya fice, an sha yin haka. Na kama wannan magana da hannu biyu. Amma na yi ta tunanin mutum ba takalmi a kan ƙanƙarar nan. Na sa silifas ɗin a cikin rigar sanyi, na ce wa bosin zan shiga gari aski. Har yau ban koma ba. Gashin ma ya gaji da jira ya zube da kansa.

Na wanke kwanuka, na yi gadi, na yi shekaru ina tuƙin tasi, ina jiran fasinja a filin jirgin sama na JFK. Na yi aure, na haifi 'ya'yan da nake yi wa Hausa suna mayar mini da Turanci. Duk inda na ga namu, ƙafarsa nake fara kallo. Marigayiya matata takan ce wanda bai san ni ba sai ya ɗauka ɗan gyaran takalmi ne. Abu ɗaya nake so in sani: ya fita da rai ko bai fita ba.

A bazarar da ta wuce 'yata ta yanke hukunci cewa na tsufa da zaman kaɗaici, zan koma wajenta a unguwar Concourse Village da ke Bronx. A daidai lokacin ne wani dattijo ya fara zama a shagon wani ɗan Maraɗi da nake sayen gero da daddawa. Ba ya magana. In ka yi sallama sai ya ƙwanƙwasa kanta da gaɓar yatsa, sau biyu. Ranar da na fara ji sai da na nemi buhun shinkafa na zauna. Dattijon sa'ana ne, ko ya girme ni kaɗan. Na yi ta zuwa ina sayen abin da ba na bukata, har magi ya cika mini kwaba.

Ana saura kwana kaɗan in tashi na naɗe silifas ɗin a leda na tafi. Rana ce tsaka, ana zafi kamar a Tema, fanka na ta juyi. Na durƙusa a gabansa duk da ciwon gwiwa, na yi sallama irin ta bakin rumbu.

"Ɗan'uwa, in kai ne, ga takalmanka. Na ce ka daure mun kusa."

Ya dubi ledar, ya dube ni, ya girgiza kai. Ya ja wuyan rigarsa ya nuna mini tabon aiki a maƙogwaronsa.

Mai shago ya kwashe da dariya. "Baba, kawuna ne fa. Aikin asibiti aka yi mishi. Ta jirgin sama ya zo, ko kwalekwale bai taɓa shiga ba. Kai dai ka ce tallan tsohon takalmi ka fara."

Na buɗe baki zan rama, don ba na barin bashin tsiya. Sai bututun hita mai ɗumama ɗaki da ke kusurwar shagon ya ƙwanƙwasa sau biyu.

Kowa a garin nan ya san bututun hita na surutu, amma da hunturu, in an kunna. Mai shago ya daina dariya. Ya je ya taɓa ƙarfen, ya ce sanyi ƙalau. Dattijon ya janye hannunsa daga kan kanta ya sa a aljihu. Ni kuwa na dubi agogon bangon da mai shago ya bari a kan lokacin gida. Magariba ta kawo jiki a can.

A nan na samu amsata. Mai rai ba ya bin bututu.

Ranar Juma'a na tare liman na ce ina son a yi sallar gawa ga wanda babu gawarsa. Ya tambayi sunan mamacin, na ce ban sani ba. Ya tambayi garinsu, na ce ban sani ba. Ya ce to yaya aka yi na san Musulmi ne.

"Ya amsa mini sallama, Malam. Kuma bai taɓa makara a salla ba."

Liman ya ce a tsaya bayan an idar. Kafin in shiga na ajiye silifas ɗin a bakin ƙofa, gefe da gefe, cikin takalman jama'a. Robar ta bushe ta tsattsage, igiyar ɗaya ma ta tsinke. Muka yi sahu, liman ya yi kabbarori, babu komai a gabanmu sai kafet.

Da muka fito ban gan su ba. Na san ana ɗauke takalma a masallaci, ni ma an taɓa sa ni komawa gida da safa. Amma a gefensu akwai sababbin kambas na jikana da ya rako ni, masu tsadar da ba na son tunawa, suna nan ba wanda ya taɓa.

Yanzu ina Bronx, hawa na sama. Hunturu ya shigo, bututun ɗakina na ta surutu ba tsari, ba ruwansa da lokacin salla. Na saurare shi da kyau, ƙarfe ne kawai. Jikokina suna dariya in sun ji na yi sallama a ɗakin da ba kowa. Na ce musu sunna ce, su tambayi liman. Abin da ban gaya musu ba shi ne, in na yi, nakan ɗan tsaya a bakin ƙofa kafin in shiga.