Itacen Yaya Rifkatu Yana Mutuwa a Hannuna

Shekara shida ke nan cif da muka binne yayata Rifkatu, nas ce a wani asibiti kusa da garin Laurel, nan ƙasar waje inda muke zaune. Da bana ban so in rubuta komai ba, amma hankalina a tashe yake.

A bayan gidanmu akwai wani kwari da ruwan sama ke kwanciya. Nan Yaya ta dasa dogwud, wani gajeren itace ɗan asalin ƙasar nan, mai rassa da yawa daga tushe. Da sanyin farko ya shigo ya zubar da ganye ƙaƙaf, har na ɗauko fartanya zan tumɓuke shi. Ta riƙe hannuna ta ce, "Ke Ladi, barci yake yi." Bayan mako biyu rassan suka yi jawur a cikin dusar ƙanƙara.

Da ta rasu, kula da shi ta dawo kaina. Ni kuwa aikin kula da tsofaffi nake, ina fita tun asuba. Bara aka yi fari ban ba shi ruwa ba. Barewa ta ci tohonsa ban yi shinge ba. Yanzu baƙin tabo ya kama rassan, suna bushewa ɗaya bayan ɗaya. Na yanke masu ciwon, na zuba taki, na durƙusa a gindinsa na yi addu'a. Wani mai sayar da shuke-shuke a garin Manassas ya duba hoton itacen da na nuna masa, ya ce in sayi sabo.

Sabo ba hannun Yaya ya dasa shi ba. Ga Saratu, 'yarta ɗaya tilo, za ta yi aure a Disamba, kuma abu ɗaya ta roƙa: jajayen rassan itacen uwarta a gaban coci.

Da Yaya na nan me za ta ce? Ba ta iya yi wa mutum faɗa ba. Kallona kawai za ta yi, kuma wannan kallon ya fi faɗa ciwo.

Na yanki rassa tara na tsoma a kwalaben ruwa bakin taga ko za su yi saiwa. Bakwai sun ruɓe. Jiya na daure na kira Saratu na gaya mata gaskiya. Ta ce da Hausarta mai tsami, "Anti, biyun fa, suna da rai?"

Na ce ban sani ba.

Kayan Yaya mun rabar, muryarta ma ta fara ɓace mini. Abin da ya rage da ta taɓa kuma yake numfashi, Saratu ce da sandunan nan biyu. Yau sau huɗu ina ɗaga kwalaben ina neman saiwa.