Kular da Ba-Shiga Bai Buɗe Ba

Ƙanena mai gadi ne, tun yana da suma har kansa ya koma kamar bayan ƙwarya. A jami'a yake aiki, a ƙofar wani gini mara tagogi inda aka jibge manyan na'urorin da ke riƙe da sirrin makarantar duka. Ɗakin gadinsa bai fi akurki ba: kujerar roba mai ɗaurarriyar ƙafa, buta, rediyo, da ƙusar da yake rataye makullai. Ɗalibai suka sa masa Ba-Shiga, domin in ba ka rataya katin shaida a wuya ba, ko kai ka gina ginin sai ka koma. Ya taɓa mayar da wani babban farfesa, farfesan na kumfar baki, shi kuwa yana ba shi haƙuri yana ƙara danna sakata. Ba gona, ba gidan kansa, ba mata tun da tasa ta rasu. Abu biyu ya mallaka a duniya, wannan suna da 'yarsa.

'Yar, Tsallake muke ce mata, don tun tana ƙarama malamai ke ɗaga ta daga aji su dire ta a na gaba. Kai gare ta kamar reza, reza kuwa ba ta san hannun mai ita ba. Da ta shiga jami'a aka sa ta a wani tsari na masu ƙoƙari: kafin ka gama digirin farko ka fara cin na biyu, a haɗa maka su ɗauri guda, ka fita tun sa'o'inka na neman wurin zama. Sai dai in ka yi tuntuɓe, a sauke ka ka bi layi da kowa. Karatun nata na tsaron kwamfuta ne, wato tare ɓarayin da ba sa haura katanga, waya suke bi.

Da ƙanena ya ji kalmar tsaro, bakinsa ya ƙi rufuwa. Kowa ya zo wucewa sai ya ji cewa 'yarsa ta gaje shi, shi yana tsaron ƙofar waje, ita za ta tsare ta ciki. Na ce masa ya rage murna, abin da aka dafa da wuta mai yawa samansa ke nuna, cikinsa ɗanye. Ya ce ni dai bakina ne ya hana ni ƙiba.

Aikinta na ƙarshe, wanda in babu shi babu digirin biyu, shi ne ta nemo ɓaraka a tsaron ginin da ubanta ke gadi. Shugabannin makaranta ne suka ba da izini, a gwada su a gani. Ta bi ta waya ta tarar da ko'ina a kulle. Ta rame, ta daina gaida mutane, lokaci na ƙure mata, malaminta na cewa in ba ta kawo wani abu ba ta sauka. Wata safiya sai ga ta a ɗakina da fara'a, wai in ara mata kulata mai jan murfi za ta kai wa Baba abincin rana. Har albarka na sa mata.

Ranar da za ta bayyana aikinta gaban malamai aka gayyace mu. Ƙanena ya goge rigar aiki har tana ɗaukar ido, ya zauna a sahun gaba. Turanci take zubawa kamar famfo ya fashe, ba ma jin ko ɗaya, amma duk inda ta ja numfashi shi ke fara tafi. Can aka kashe fitila, hoto mai motsi ya fito a bango. Ga ƙofar gini, ga wani mai gadi an dusashe masa fuska. An manta ba a dusashe kujerar roba ba, ba a dusashe ɗingishin da kowa ya san ƙanena da shi ba. Ga yarinya babu kati a wuya, riƙe da kula mai jan murfi. Mai gadin ya tashi da rawar jiki ya zare sakata, don ta ce masa za ta ɗan shiga ban ɗaki. Tana shiga ta ɗaga farantin cikin kular, ta zaro wani abu kamar ɗan yatsa, ta soka shi a bayan wata na'ura.

Zauren ya ɗauki dariya. Shi ma ya yi, har da taɓa ni, wai in duba, shi ne a bango. Na tambayi matar da ke gefena abin da aka rubuta a ƙasan hoton. Ta ce an rubuta: ɓaraka ta farko, mutumin ƙofa.

Tsallake ta ci makin da ba a taɓa ba kowa ba. Wata bai mutu ba aka kira ƙanena ofis, aka nuna masa hoton nan ba dusashe. Aka ce ba wanda ke zarginsa da sata, amma gini irin wannan ba ya son mai gadi mai 'ya'ya. Aka karɓi makullan, aka kafa ƙofar ƙarfe mai karanta kati, wadda ba ta da uwa ba ta da 'ya. Sunan ma bai tsira ba. Ɗaliban da suka sa masa Ba-Shiga su suka mayar da shi Bismillah-Shigo.

Na tare Tsallake a bakin famfo na ce duk ƙofofin duniya ba ta ga ta bi ba sai ta ubanta? Ko gezau. Ta ce:

"Gwaggo, in ban shiga ba wani zai shiga. Ni kuwa na rufe masa fuska."

Na ce ta kyauta, ai gawa ma rufe mata fuska ake yi.

Shi kuwa gida ya koma. Ya dawo da kujerar robarsa ƙofar ɗakin hayarsa, nan yake wuni, rediyo a kunne, hannu na lalubar makullan da babu a ƙugu. In an tambaye shi sai ya ce yarinya aikinta ta yi.

Da ta sami aiki a wani banki mai nisa, ta zo sallama. Ta yi masa girki da hannunta, ta zubo a kular nan, don ni na ce ba na so a dawo min da ita. Ta durƙusa ta ce, Baba, ga abinci. Ya daɗe yana kallon jan murfin, sannan ya miƙe ya tsaya a tsakiyar ƙofa.

"Buɗe," in ji shi.

Ta buɗe.

"Ɗaga farantin."

Ta ɗaga. Babu komai sai abinci yana tururi. Ya matsa gefe ya ce ta wuce, da muryar da yake yi wa baƙi. Abincin nan har ya huce bai taɓa ba, kajin maƙwabta suka ci.

Tana aiko masa da kaya, ba laifi, har da waya mai tsada da bai fitar daga kwali ba. Ni nake ciyar da shi yanzu. Ni da na goya shi, in na kawo kwano sai ya ɗaga ya leƙa ƙarƙashi tukuna.