Uwar Ɗakina da Asibitoci Ashirin da Uku

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, ina tsaye gaban na'urar buga takardu a ofis ƙaninki ya kira ni ya ce rai ya yi halinsa. Kwana tara kika yi a gadon asibiti. Dukanmu na Allah ne, kuma gare Shi makomarmu take.

Uwar ɗakina, shekara shida na yi a ƙarƙashinki a sashen tsara ayyuka na kamfaninmu. Na zo miki da sabon digiri da ɗan jin kai, kika haɗa ni da babban aiki: shimfiɗa wayar sadarwa tsakanin ƙananan asibitoci ashirin da uku, don likita ya riƙa duba sakamakon gwaji daga nesa, ba sai an ɗora mara lafiya a mota ba. Rukuni ɗaya na masu haƙa ramin waya muke da shi, wa'adinmu wata huɗu. Namu shi ne mu faɗi layin da za a haƙa, da wanda zai bi masa, da wanda ba a buƙata.

Na kawo miki lissafi shafi goma. Kika karanta biyu, kika cire tabarau, kika ja ni gaban allon katakon da ke bayan teburinki. Kika kafa ƙusa ashirin da uku, kika miƙo mini zare.

"Ƙanwata, fara da tazarar da ta fi gajarta, sai mai bi mata. In kin ga ƙusa biyu sun riga sun sadu ta wata hanyar, kada ki ɓata zarenki. Da kin ɗaura ashirin da biyu, kin gama."

Wannan ƙa'idar na rubuta wa kwamfuta, ita kuma ta fitar mana da jadawalin mako-mako. Sai dai na yi kuskure a wurin da take tantance waɗanda suka riga suka sadu. Aka haƙa layin da ba shi da amfani, aka bar asibiti guda a ware, mako biyu suka tafi a banza. A wajen taro manaja ya tambayi wanda ya yi wannan aika-aikar. Ko kallona ba ki yi ba kika ce, "Ni na sa hannu, ni za a tambaya." Da muka fito kika jawo kujera kusa da tawa, muka bi rubutun layi-layi. Da muka ci karo da kuskuren kika tafa hannu kina dariya: "Ga ɓarawon nan, ashe ɗan mitsitsi ne!" Washegari ni kika tsayar na yi wa manaja bayanin gyaran.

A sabon jadawalin, asibitin da ya fi nisa ne ya faɗa ƙarshe. Kika ɗauki biro kika dawo da shi sahun farko. Na ce ai ba haka kwamfuta ta jera ba. Kika ce layukan ba su canza ba, jerin kawai kika taɓa, domin ungozoma ɗaya ce tal a can. "Kwamfuta ta san tsawon hanya, ba ta san naƙuda ba." Muka kammala aikin saura kwana shida wa'adi ya cika.

Wannan ungozomar ta zo gaisuwar rasuwarki gidanki. Ta shaida mana cewa a makon da aka jona musu waya likita ya duba gwajin wata mai juna biyu, ya ce a garzayo da ita nan take. Tagwayen da ta haifa yanzu suna aji ɗaya. Maigidanki ya share hawaye ya ce ba ki taɓa ba shi wannan labarin ba, alhali ko cefane sai kin tsara masa ta inda zai fara.

Ranar Litinin za mu shiga zango na biyu, asibiti arba'in da ɗaya, kuma ni aka ɗora a kai. Ina jin tsoro, amma na san ta inda zan fara.

Allah Ya jiƙanki, Ya yafe kurakuranki, Ya haskaka makwancinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki, da 'ya'yanki uku, da ƙaninki, da mahaifiyarki da ta ga wannan rana da tsufanta. Allah Ya ba ku haƙurin rashinta, mu kuma Ya ba mu ikon riƙe na ƙasa da mu yadda ta riƙe mu. Amin.