Rabo Mai Jirgi na Gidan Takawa

Mutanen Gidan Takawa, wani ƙauye a ƙasar Garhanga cikin yankin Adar, manoman gero da dawa ne tun kaka da kakanni. Babu masunci ko ɗaya a cikinsu. Amma akwai kwari tsakaninsu da garin da suke cin kasuwa, kuma da damina, in koramu suka gangaro daga duwatsu, kwarin yakan cika ya zama tabki. Mai zuwa kasuwa sai ya yi dogon zagaye da jakinsa, ko kuwa ya haƙura.

Rabo ɗan garin ne, mutum siriri marar yawan magana. Farin 1973 ya kashe masa saniya da awaki, sai ya bar matarsa Tabawa da 'yarsu Kulu a hannun wansa Isiyaku, ya nufi gabas cin rani. Ya tsaya a bakin Tabkin Cadi. Da farko dakon busasshen kifi ya yi, daga baya wani mai jirgi ya ɗauke shi aiki, a nan ya koyi tuƙi da gyaran inji. Bayan shekara huɗu ya sauka Madawa daga babbar mota, ya ɗauki hayar raƙumi, ya shigo gari da wani abu mai nauyi naɗe a buhu.

Isiyaku ya kwance buhun, ya daɗe yana kallo.

"Mi ke nan, Rabo?"

"Injin jirgin ruwa, Yaya."

"Jirgin ruwa? A Adar? Wasu na dawowa da shanu, kai ka dawo muna da ƙarhe."

Rabo ya yi murmushi kawai. Ya sayo katako a Madawa, ya fasa tsofaffin tano, wato gangunan ƙarfe, ya miƙe ƙarfensu, ya haɗa jirgi, ya toshe ramukan ƙusa da kwalta. Da tabki ya cika, ya ɗaura injin a bayan jirgin ya ja igiya. Ƙarar ta kori jakuna, tsofaffi suka yi ta salati. Ranar farko ba wanda ya yarda ya shiga sai Tabawa. Kafin kaka kuwa, ranar kasuwa har rububin wuri ake yi.

Injin tsoho ne, kuma ruwan da yake tafiya a kai shi ne ke sanyaya shi. Akwai 'yan ramuka a ƙafarsa, kusa da farfela, inda ruwa ke shiga. A ciki wata 'yar roba mai fukafukai tana juyawa tana tura ruwan sama ya zagaye kan injin, sannan ya tsarto ta baya siriri. Rabo yakan nuna wa fasinja wannan tsartuwar ya ce, "In kun ga shina hitsari, lahiya lau muke. Sa'ad da ya daina, a kashe shi nan take." Mata su rufe baki da mayafi suna dariya.

Wahalar ita ce ruwan tabkin ba irin wanda injin ya saba da shi ba ne. Ja ne kamar kunun kanwa, cike da rairayi da tarkacen kara. Sau da yawa a tsakiyar tafiya tsartuwar takan rage. Sai Rabo ya kashe injin, ya ɗaga ƙafar sama, ya share ramukan da ƙayar aduwa, ya zura wayar keke a mafitar ruwan har laka ta fito. Ya ɗora tafin hannu a kan injin ya jira ya huce, mutane suna fira, sannan a ci gaba. Ba wanda ke ƙorafi, don ko da tsayawar ya fi zagaye.

Kowace shekara koramu na ƙara zubo rairayi daga tuddan da suka rasa itatuwa. Tabkin ya yi ta cikewa, ruwan ya ƙara kauri. Rairayin ya cinye fukafukan 'yar robar nan. Rabo ya nemi sabuwa a Madawa, ya nema a Ƙonni, masu kanti suna juya ta a hannu suna tambayarsa ta wace mota ce. Ya dawo ya zauna da wuƙa ya sassaƙa wata daga tsohuwar tayar babbar mota. Ta yi aiki 'yan makonni ta tsage. Ya sassaƙa wata. Haka ya yi ta lallaɓa injin kamar mai jinyar tsoho.

A daminar 1982, wata ranar kasuwa bayan azahar, jirgin ya taso cike da masu komawa gida: mata da ƙorai, wani dattijo, buhunan gishiri, akuya biyu ɗaure. Tabawa na ciki, ta je sayar da ƙuli-ƙuli. Suna barin gaɓa hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Suna kaiwa tsakiya, inda gorar tura jirgi ba ta taɓa ƙasa, tsartuwar ta koma ɗigo, daga nan sai tururi.

Tabawa ce ta fara gani. Ta matso ta yi ƙasa da murya.

"Maigida, ya daina."

"Na gani."

"Ba ka kashe shi?"

Rabo ya dubi hadarin. Ya san jirginsa, ƙasansa shimfiɗe ne, in iska ta buge shi a gefe da wannan lodi zai kife, kuma ba mai iya iyo a ciki sai shi kaɗai.

"In na kashe shi, iska ta iske mu nan," ya ce. "Ba ni ƙwarya."

Ya cire murfin injin, hannu ɗaya na riƙe da matuƙi, ɗayan yana kamfatar ruwa yana kwarawa. Ya san wannan ba magani ba ne, zafin a ciki yake. Ƙaurin ƙonannen fenti ya tashi. Muryar injin ta shaƙe, ƙarfinsa ya ragu, amma Rabo bai sassauta ba. Iska ta fara ɗaga ruwa yana fantsamowa cikin jirgi, mata suna kalmar shahada. Saura kaɗan su kai gaɓa injin ya yi wani kuka mai kaifi ya tsaya cak. Rabo da maza biyu suka diro, ruwa iya ƙirji, suka ja jirgin zuwa tudu.

Ruwan sama ya kece, kowa ya ɗauki kayansa ya ruga gari. Rabo ya tsaya, ya kama igiyar injin ya ja. Ko motsi ba ta yi ba. Tabawa ta tsaya a bayansa da ƙwarya a ka har suka jiƙe sharkaf.

Ya kai injin wurin Surajo, wani makanike a Madawa. Surajo ya kwance shi ya nuna masa: fistan ya narke ya manne da bango, kan injin ya lanƙwashe.

"Shina gyaruwa, malam Rabo, amma ba da kayan ƙasar ga ba. Sai inda jirage suke, kamar Yawuri."

Daminar da ta biyo baya da gora ya tura jirgin, a bakin gaɓa inda ba zurfi, da rabin lodi. Ta 1984 kuwa ba ta zo ba. Gero ya bushe tun yana iya gwiwa, tabki ya tsattsage, jirgin na zaune a kan busasshiyar laka. Rabo ya shafe injin da mai, ya naɗe shi, ya sa a rumbun da ba ko zangarniya a ciki. Ya ce wa Tabawa zai tafi Yawuri ya yi aiki a jiragen mutane, ya aiko da abin da ya samu, ya kuma dawo da kayan gyara. Yawuri a ƙetaren iyaka take, kuma an rufe iyakar a lokacin, ta daji ya bi da ƙafa.

Saƙonsa ya iso sau ɗaya, daga nan shiru. Yunwa ta shiga gari sosai. Mata suka koma jiƙa 'ya'yan anza, wani itacen daji mai ɗaci, suna dafawa. Ƙaramin ɗan Isiyaku ya rasu, Kulu ta rame har zanenta na zamewa. A cikin haka wani maƙeri daga Buza ya biyo gari yana neman sanholo, irin farin ƙarfen jikin injin, da zai narka ya zuba tukwane, yana biya da hatsi. Tabawa ta kwana biyu tana tunani, sannan ta kira Isiyaku ta buɗe rumbun da hannunta.

Rabo ya dawo a farkon daminar 1986, ya rame, yana tari. Ciwo ne ya kwantar da shi a can watanni. A jakarsa akwai fistan da 'yar roba sabuwa, naɗe cikin tsumma. Bayan an gaisa, an yi masa ta'aziyyar yaron, ya sha ruwa, sai ya tashi ya nufi rumbu. Isiyaku ya bi shi.

"Rabo, tsaya. Babu shi. Ni na saishe shi."

"A'a, Yaya, kar ka ɗauka mini," in ji Tabawa daga bakin ɗaki. "Ni na buɗe rumbun, maigida."

Rabo ya zauna a kan turmi.

"Hatsin ya kai ku ina?"

"Ya riƙe gida biyu har agaji ya iso."

"To, alhamdu lillahi," ya ce. "Da ina nan, abin da zan yi ke nan."

Bai ci tuwo ba ranar, washegari ma fura kawai ya kurɓa. Da ya ji ƙarfi ya kai wa Surajo kayan gyaran ya ce ya ajiye, ko wani zai buƙata.

Ya koma gonarsa. Da rani yakan shiga cikin masu jera duwatsu a kan tudu don tare zaizayar ƙasa, ana ba su abinci. Aikin ya fi ƙarfin ƙirjinsa, amma bai fasa ba. Bai ƙara zuwa bakin tabki ba, in hanya ta biyo ta can sai ya canza. Da aka zo neman auren Kulu daga Ƙarofane, mutane suka ga fara'arsa ta dawo na ɗan lokaci, shi da kansa ya je kasuwa ya zaɓo mata tabarmi da ƙorai.

Tarin ya ci ƙarfinsa bayan kakar 1989. Ya rasu da hantsi, Tabawa na riƙe da kansa tana ba shi ruwa. An taru sosai wurin jana'izarsa, har daga ƙauyukan ƙetaren kwari. Tabawa ta yi takaba a ɗakinta, da ta fita Kulu ta zo da amalanke ta tafi da ita Ƙarofane. Isiyaku ne ya ci gaba da noma gonar.